Shekarar da Rudun Baba Ya Yi Zafi

Ranar babbar Sallar da ta wuce ina kishingiɗe a ɗakina, a gidanmu na Jega, na ji ke Nafisa, babbar 'yata, kina ba 'ya'yanki labari a tsakar gida. Ƙaraminsu ne ya tambaye ki me ya sa ba ki yi karatu a Turai ba, tunda ya ji an ce an taɓa shirin tafiya. Kika ce masa saura kaɗan, har an saya miki rigar sanyi, sai kakanki na Danwarai ya ce ba inda za a je. Ba da zafi kika faɗa ba, kin faɗe shi ne yadda mutum ke faɗin abin da ya daɗe da saninsa. Na ji ƙanenki Mustafa ya ce ai tsofaffin da haka suke. Mahaifiyarku Saratu tana gefe tana yanka nama, ta ɗago ta dubi ƙofar ɗakin da nake. Wannan kallon ne ya sa na ɗauki biro. Labarin da kuka taso da shi ba haka yake ba, kuma ni na bari kuka taso da shi. Mahaifina bai hana mu tafiya ba. Abin da zan rubuta a nan shi ne yadda aka yi sunansa ya ɗauki laifin da ba nasa ba.

Sai na fara da aikina, domin na lura har yau in aka tambaye ku me babanku yake yi, cewa kuke yana kallon taurari. Ni ban taɓa kallon tauraro don aiki ba. Ƙura nake bi. Tsakanin taurarin nan da kuke gani ba fili ne fayau ba, akwai ƙura, ƙwayoyi ƙanana da suka fi hayaƙin fitila laushi, wasu dangin gawayi, wasu dangin yashi, sun taru gajimare-gajimare. In kun taɓa lura da farin zanen nan na taurari da ke ratsa sama a ƙauye, mai baƙin tabo a tsakiyarsa, to tabon ba rami ba ne, ƙura ce ta tare hasken da ke bayanta. Ido ba ya ganinta sai a matsayin duhu. Amma tana shan hasken taurari, ta ɗan yi ɗumi, ta fitar da nata hasken wanda ido ba ya kamawa. Kun san in garwashi ya mutu a murhu, mutum ya miƙa tafin hannu ya ji ɗumi na tasowa alhali bai ga wuta ba? Wannan ɗumin shi ma haske ne, Turawa na ce masa infared. Ni a can ƙarshensa nake aiki, inda ya yi rauni ƙwarai, domin ƙurar nan sanyinta ya wuce na duk ƙanƙarar da kuka sani nesa ba kusa ba. Tururin da ke cikin iskarmu yana shanye wannan hasken kafin ya iso ƙasa, shi ya sa sai an harba madubin hangen nesa can sama, an sanyaya shi, ya riƙa aiko da abin da ya gani. Ni kuwa ina zaune a ofishina a jami'ar Aliero da rana tsaka, fanka na kaɗa mini iska mai zafi, ina auna sanyin da babu irinsa a duniyarmu. Daga hasken muke gane ɗumin gajimare, daga ɗumin mu gane yawan ƙurar, daga nan mu san ko wurin zai haifi sababbin taurari.

Kakanku bai taɓa gajiya da tsokanata a kan wannan ba. Manomin albasa ne tun kaka da kakanni, dogo, mai ƙarancin magana, amma in ya saki ɗaya sai ta kwana uku tana yawo a Danwarai. Duk na je gida sai ya dube ni ta gefen ido.

"Wai Sahabi, ƙura dai wadda munka sani? Ita gwamnati ka biyanka ka diba? Taho in ba ka tsintsiya, bayan rumbu cike yake da ita."

A shekarar da nake magana, na yi shekara uku ina aiki da wata dattijuwar farfesa ta wata jami'a a Turai, wadda ke cikin masu kula da madubin. Ita ke aiko mini da hotunan wani gajimare guda, ni in yi lissafi. Da rani na ga wani abu. Hasken gajimaren bai bi tsarin da ƙurar da aka sani take bi ba. Na maimaita, na sake maimaitawa, ya ƙi bi. Sai na rubuta maƙala cewa mun ci karo da wani irin ƙura da ba a san da shi ba. Masu tace maƙalu na mujallar masana suka duba, suka ce a buga. A kan wannan ne wata cibiya ta ba ni gurbin shekara uku, in je da iyalina in bi sawun sabuwar ƙurar. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Na riƙa tafiya a harabar jami'a kamar takalmina bai taɓa taka taki ba. Mahaifiyarku lokacin ungozoma ce a asibiti a Maiyama, ta fi shekara goma a can, matan Liba, garin iyayenta, har gida suke biyo ta. Ta ajiye aikin, domin an sama mata wurin ƙaro karatu a inda za mu. Ke Nafisa shekararki goma sha huɗu, kin haddace sunan makarantar da za a sa ki, kina faɗa wa duk wanda ya shigo gidan.

Na je na faɗa wa Baba da kaina, ina ɗari-ɗari. Ku riƙe abin da ya ce, domin a nan gaskiyar take.

"Tahi, Allah shi tsare. In ka iske ƙurar ka gaishe ta."

Da albarkarsa muka fara ɗaure kaya.

Yanzu sai rudu. Ku da kuka girma a gari, kun ga rudu amma ba ku san rayuwarsa ba. Rumfar ajiyar albasa ce: a kafa itace, a yi gadon kara sama da ƙasa don iska ta ratsa, a zuba albasar da aka cire da rani, a rufe da ciyawa, ta zauna har damina ta yi nisa, lokacin da take daraja. Abin tsoro shi ne ruɓa, kuma ruɓa daga tsakiya take farawa, inda ba mai gani. Baba yana da hanyarsa. Da hantsi zai naɗe hannun riga, ya tura hannu cikin tarin har hammata, ya lumshe ido, ya yi shiru. In ya ji ɗumi a ciki, to albasa ta fara lalacewa, tun kafin hanci ya ji komai. Sai a buɗe, a baza, a tsince. Aiki ne na kwana biyu zuwa uku da mutane da yawa, kuma kowace taɓawa tana raunata albasa, don haka ba a yinsa sai dole. Tun ina yaro nake ganin maƙwabta na zuwa aron hannun Baba, kamar yadda ake aron galma.

Wata Asabar, ruwa ya zauna sosai, na je Danwarai na tarar da Baba da yayana Bello suna ja-in-ja a gaban babban rudu. Baba ya ce ya ji ɗumi, a buɗe. Yaya Bello ya ce ana tsakiyar maimai, wato noma na biyu, ciyawa na cin gero, ba shi da hannun da zai ɗebe daga gona, kuma ga albasa nan ja wur, a bushe, ba wari. Akwai 'yan ƙodago da maƙwabta tsaitsaye suna saurare. Ni kuwa a motata akwai na'urar auna zafi ta ɗakin gwaje-gwajenmu, irin mai kama da bindiga wadda yanzu ake nuna wa mutum a goshi a ƙofar asibiti. Lokacin ba a saba ganinta ba. Da irin hasken da nake aiki da shi take aiki, don haka na ji ai wannan fagena ne.

"Baba, ku dakata in auna da na'ura," na ce. "Ta hi hannu gaskiya."

Na zagaya rudun, na nuna sama, na nuna gefe, na durƙusa na nuna ta ƙarƙashi. Lambobin duk kusan ɗaya, sanyi kalau. Mutane suka matso suna leƙen ɗan allon. Na ji daɗin idanun da ke kaina, shi ya sa ban tsaya a nan ba.

"Babu komi, Baba. Halan hannunka na da ɗumi, ka hito daga rana."

Aka yi dariya. Ba dariyar raini ba ce, amma dariya ce, kuma a kan hannun Baba aka yi ta. Ya dubi na'urar, ya dube ni, ya warware hannun rigarsa a hankali.

"To. Dokta ya hwaɗi. A bar shi."

Bayan sati biyu da 'yan kwanaki Yaya Bello ya kira ni a waya, ya ce in taho in ga aikina. Tun daga bakin hanya na ji warin. Albasar waje tana nan ja wur, a bushe, yadda na auna ta. Da aka ɗage ta sai ga ciki ya narke, baƙin ruwa na ɗiga ta tsakanin kara. Fiye da rabin rudun ya tafi. Na tuɓe babbar rigata na ɗauki kwando, na shiga cikin masu kwasa zuwa juji, ba wanda ya ce in bari. Yaya Bello bai yi mini magana ba ranar, shi ma yana jin nasa laifin. Baba yana zaune a tabarma a gindin dogon yaro yana kallo. Na yi ta jiran faɗa, faɗa bai zo ba. Sai bayan azahar ya yafito ni, na je na tsuguna, hannuwana na wari.

"Sahabi, abin nan naka, ina iyakar ganinai?"

"Bayan tari kawai, Baba. Abin da ke waje shika aunawa. Na san haka, ban dai tsaya na tuna ba."

"To na sama hwa, wanda ka diba maka ƙura? Shi ma baya kawai shika gani?"

"A'a, wancan daban na. Hasken na ratso tarin duka, na waje da na ciki, su iso tare."

"Su iso tare." Ya dubi rudun. "To zahin wane kaka rubutawa, na ciki ko na waje?"

"Guda ɗai nika rubutawa, Baba, na tarin duka."

"Ikon Allah. Ni dai tun da nike ban taɓa sa hannu ga tari mai zahi guda ba."

Ba don ya koya mini wani abu ya faɗa ba. Mamaki kawai yake yi, irin na mai sana'a da ya ji yadda ake yi a wani gari. Ya tashi ya ɗauki butarsa. Ni kuwa na kasa tashi daga tsugunen, domin na ga maƙalata a gabana kamar an buɗe mini ita.

Ga abin da ya faru, a sauƙaƙe. Gajimaren ƙura ba ɗumi ɗaya ne da shi ba. Bayansa na shan hasken taurari, ya fi ɗumi. Cikinsa na inuwa, ya fi sanyi. Akasin rudu ke nan, amma kuskuren ɗaya ne. Wannan ba sabon ilimi ba ne, yana cikin littattafan da nake koyarwa da su. Na dai ɗauka nawa gajimaren bai yi kaurin da abin zai dame shi ba, kuma na ɗauka hakan ne ba tare da na gwada ba, saboda amsar da ta fito ta yi mini daɗi. Na koma ofis na sake lissafin, wannan karon na ba gajimaren baya mai ɗumi da ciki mai sanyi. Sati uku ina yi, kullum ina fatan in ga na yi daidai tun farko. A ƙarshe sabuwar ƙurar ta ɓace. Tsohuwar ƙura ce da kowa ya sani, hasken bayanta da na cikinta suka gauraya suka yi mini kama da baƙon abu.

Maƙalar tana hannun masu bugawa. Masu tacewa ba su gani ba, farfesar ba ta gani ba. Wataƙila wani zai gano bayan shekara biyu ko uku, lokacin muna can, mahaifiyarku ta kusa karɓar takardarta, ku kun zauna a makaranta. Kwana huɗu na yi ban faɗa wa kowa ba, kuma a cikin kwana huɗun nan na samo wa shiruna dalilai masu kyau sun fi goma. Ran na biyar da safe, kun tafi makaranta, na tarar da Saratu tana ninke kaya cikin akwati. Na zauna a bakin gado na faɗa mata duka. Ba ta daina ninkewa ba.

"Kenan abin da ka rubuta ƙarya na?"

"Lokacin da na rubuta ba ƙarya ba na, kuskure na. In na yi shiru yanzu, ya zama ƙarya."

"In ka hwaɗi, tahiya ta hwasa?"

"Mai yiwuwa na."

"Sai da ka bari na aje aikina, Malam."

Sai na yi abin da har yau nake jin kunyarsa, na nemi in raɓa a jikinta. Na ce in ta ga ya fi in yi shiru saboda ita da yara, zan yi. Nan ne ta ajiye zanen da ke hannunta ta dube ni.

"A'a. Kada ka aza min wanga kaya. Ka yi shiru don kanka, ko ka hwaɗi don kanka. Ni ban zama dalilinka."

A ranar na rubuta wa farfesar. Ta duba lissafin, ta ce haka ne, ta yi mini kalamai masu daɗi waɗanda ban ji daɗinsu ba lokacin. Muka janye maƙalar. Ta yi ƙoƙarinta a wurin cibiyar, amma gurbin don bin sabuwar ƙura aka bayar, kuma babu sabuwar ƙura. Ban ga laifinsu ba. Sati guda mahaifiyarku ba ta yi mini magana ba sai ta abinci da cefane, akwatunan kuma suna nan a buɗe a tsakar ɗaki, kowa na kewaye su.

Har zuwa nan, 'ya'yana, ba ni da abin da zan sunkuyar da kai a kansa. Na yi kuskure, na gyara, na biya. Abin da ya biyo baya shi ne matsalar. Jega duka ta san za mu tafi. Abokan aiki sun yi mini walima, an yi addu'a a masallacin unguwa, ɗalibai sun rubuta mini takardar ban-kwana. A Danwarai kuwa tun ranar rudu matasa ke kirana Dokta mai bindiga. Na rasa da bakin da zan ce abin ya rushe, kuma irin kuskuren rudun ne ya rushe shi. Na je wurin Baba bayan la'asar, na same shi shi kaɗai a zaure yana gyaran igiya. Na ba shi labari tun daga tambayar da ya yi mini. Ya saurara har ƙarshe.

"Wa as sani?"

"Ni da Saratu, sai matar can."

"Mutane ba su gane wanga lissahi naka. Cewa za su yi an kore ka, ko ka yi ƙarya an kama ka. Kuma ɗiyan mutane kaka karantarwa, gobe da wace huska za ka tsaya gabansu?" Ya ja igiyar ya gwada ƙarfinta. "Ka ce ni na hana. Ka ce na tsuhwa, ban iya rabuwa da kai. Ba mai zagin ɗa don ya bi maganar ubanai."

"Baba, za a ga laihinka."

"A gani. Laihin tsoho bai da nauyi."

Sau ɗaya na ƙi, shi ma ba da ƙarfi ba. Mutumin da na sa aka yi wa hannunsa dariya a gaban 'yan ƙodago, shi ne ya miƙo mini sunansa in rufe kunyata, ni kuma na karɓa da hannu biyu. Da kansa ya faɗa a kasuwar albasa ta Aliero, kafin magariba maganar ta iso Jega. Mutane suka riƙa tare ni a hanya suna sa mini albarka, wai a wannan zamani an sami ɗan boko mai biyayya. Na riƙa sunkuyar da kai ina cewa ai wajibi ne. Na ci wannan yabon shekara da shekaru, kuma ya yi mini daɗi.

Mahaifiyarku ba ta yarda ba, amma ba yadda ta iya.

"Ni ban hwaɗa ma yara wanga zance da bakina, kuma ban ƙaryata surukina. Kai ka sani."

Ta cika maganarta har yau. Shekara huɗu ta yi a gida kafin ta sake samun aiki, a wani ƙaramin asibiti a Katanga, karatun da ta ƙwallafa rai a kansa kuwa bai sake zuwa ba. Ba ta taɓa goranta mini ba, sai dai in ana hirar tafiye-tafiye ta tashi ta shiga madafa.

Ƙannenki Mustafa da Auta ƙanana ne, suka yi kuka kwana biyu suka manta. Ke Nafisa ba ki manta ba. Kafin wannan shekarar ba jikar da Baba ke wasa da ita kamarki. Uwargida yake ce miki. Kina shiga gidan zai ce ga uwargida ta iso, a kawo tuwo, ke kuma ki ce ba ki son miji marar haƙora, ya bi ki da sanda kina gudu kina dariya. Bayan maganar ta fita, wasan ya mutu. In mun je Danwarai za ki durƙusa ki gaishe shi gaisuwa cikakkiya, wadda ba mai kama ki da laifi a kanta, ki miƙe ki shige wurin mata. In ya tsokane ki sai ki ce, "Na'am, Baba," ki yi shiru. Yakan yi dariya ya ce uwargida ta yi yaji, sai an kai biko. Amma ni da na san fuskarsa ina ganin yadda yake bin ki da ido har ki shige. Kowace Sallah nakan ce wannan karon zan faɗa miki. Kowace Sallah sai in ga ai kina da jarrabawa, ko ba ki da lafiya, ko gidan da baƙi.

Aikina bai mutu ba, kada ku ji tausayina ta nan. Ni da farfesar mun rubuta wata ƙaramar maƙala a kan yadda za a kauce wa irin kuskurena. Ba ta yi suna ba, amma masu aikin suna amfani da ita, kuma ta fi mini waccan. Ruwan da ke sanyaya madubin ya ƙare kamar yadda aka san zai ƙare, ya daina gani, mu kuma muka ci gaba da tonon abin da ya bar mana, ni da ɗalibaina a Aliero, har na yi ritaya. Kowace shekara nakan kai sababbin ɗalibai gaban rudu kafin in nuna musu hoton gajimare ko ɗaya. Ban taɓa nadamar janye maƙalar ba. Ba ita ke hana ni sakewa ba.

Shekara biyar bayan wannan, da kaka, Baba ya kwanta. Ba ciwo ne mai tsanani ba, ƙarfi ne kawai ke zarewa a hankali, kuma shi ya san inda abin ya nufa. Muka tafi Danwarai gaba ɗaya, ban da ke. Kin zo hutu daga jami'a, kika ce kina da karatu da yawa, za ki zo daga baya. Ban tilasta miki ba, domin na san dalilin, kuma na san wanda ya shuka shi. Da safe muka shiga ɗakinsa ɗaya bayan ɗaya. Yana kwance ya juyo da fuskarsa wajen ƙofa, yana amsa gaisuwa yana duban bayan kowa. Da Auta ta shigo, labule ya koma ya tsaya, ya ɗan jira.

"Nafisa hwa?"

"Tana karatu, Baba. Tana gaishe ka."

"Madalla. Allah shi ba da sa'a."

Da kowa ya fita na matsa kusa da shi. Na ce ya bar ni in je in faɗa miki gaskiya, in ɗauko ki, Jega ba nisa. Ya lumshe ido, har na ɗauka barci ya ɗauke shi.

"Bar ta. Haushin kaka bai ma yarinya komi. In ta rena ubanta, ga wa za ta jingina? Ni tahiya za ni yi, kai kana nan."

Na ce, "To, Baba."

Zan iya rubuta muku cewa biyayya na yi, kuma za ku yarda, tunda kun saba jin haka a kaina. Ba biyayya ba ce. Da ya ce in bar ki, daɗi na ji, irin daɗin da na ji a zaure ranar da ya ba ni sunansa. Motata na ƙofar gida, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, kuma na san ki, da na buɗe baki da ko mayafi ba za ki tsaya nema ba. Kwana uku ya ƙara. Kin iso bayan an dawo daga maƙabarta, kika zauna cikin mata ba ki yi kuka ba, aka riƙa cewa kina da tauri. Ba tauri ba ne, 'yata, abin da aka ba ki ne kika riƙe, kuma ba ki da laifi ko na ƙwayar gero.

Ya tambaye ki, Nafisa. Da safen nan ya tambaya, washegari da la'asar ya sake tambaya, kuma duk biyun ni ke zaune a bakin gadonsa. Na san maganar da za ta kawo ki, ban faɗe ta ba.